Lamba shida a waya, asusu 27 a hannun ɓarayi: nazarin kutsen Retool da abin da yake nuna wa masu barin kalmar sirri

Ranar 27 ga Agusta 2023 saƙon tes ya shiga wayoyin ma'aikata da dama na Retool, wani kamfani da ke San Francisco a Amurka. Sana'ar Retool ita ce sayar wa kamfanoni kayan gina manhajojinsu na cikin gida, irin allon da ma'aikaci yake buɗewa ya duba asusun abokin hulɗa, ya gyara bayani, ko ya amince a fitar da kuɗi. Mai saƙon ya ce daga sashen kwamfuta na kamfanin yake, wai an samu matsala a asusun ma'aikacin da ta shafi tsarin albashi, kuma in ba a gyara ba rajistar inshorar lafiyarsa za ta gamu da cikas. A Amurka wannan magana ce mai tayar da hankali, domin ma'aikata da yawa ta wurin aikinsu suke samun inshorar lafiya, rajistar kuma tana da lokacinta a shekara. Ga shi kuma kamfanin bai daɗe da mayar da shigar ma'aikatansa kan Okta, manhajar da ke tantance ma'aikaci kafin ya shiga manhajojin aiki, ba, don haka saƙon da ke cewa a je shafin Okta a gyara wani abu bai zo wa kowa a baƙo ba.

Adireshin da ke cikin saƙon ya fara da retool.okta.com, sai ɗigo, sai wani suna daban ya biyo baya. Ido daga hagu yake karanta adireshi, da ya ga sunan da ya sani sai ya natsu. Burauza kuwa daga dama take gane mai gida: sunan da ke ƙarshe kafin layin karkace na farko shi ne ainihin shafin, duk abin da ke gabansa mai shafin ne ke rubuta shi yadda ya ga dama. A ƙaramar fuskar waya sau da yawa wutsiyar adireshin ba ta ma fitowa.

Cikin duk waɗanda suka samu saƙon, mutum ɗaya ne ya latsa.

Yadda aka bi da shi

Ma'aikacin ya faɗa shafin bogi mai kama da ƙofar shiga ta kamfanin, ya zuba bayanan shigarsa, ya kuma cike gurbin lambar tantancewa. Bai jima ba sai ga kira. Mai kiran ya gabatar da kansa a matsayin ɗan sashen kwamfuta, kuma bisa bayanin da shugaban injiniyoyin Retool, Snir Kodesh, ya fitar a watan Satumba na shekarar, muryar wani ma'aikacinsu na gaske aka kwaikwaya da na'ura. Mutumin ya san fasalin ofishin, ya san abokan aiki, ya san yadda ake tafiyar da al'amura a ciki. Ma'aikacin ya fara tsarguwa yayin da hirar ke nisa, amma kafin a rabu ya karanta masa ƙarin lamba ɗaya.

Wannan lamba ta biyu ita ce gadar da komai ya bi ta kai, kuma ya kamata a fahimci bambancinta da ta farko. A irin wannan hari, lambar da aka rubuta a shafin bogi shiga ɗaya take ba ɓarawo: ya ɗauke ta nan take ya zuba a shafin gaske kafin ta mutu, ya samu zama, wato damar kasancewa a cikin asusun ba tare da an sake tantance shi ba, na wasu sa'o'i. In zaman ya ƙare, ko aka lura aka rufe shi, to sai ya sake farauta. Da lamba ta biyu kuwa, ɓarawon ya yi wa na'urarsa rajista a asusun Okta na ma'aikacin. Daga wannan lokaci ba ya bukatar yaudarar kowa, domin wayarsa ta zama ɗaya daga cikin na'urorin da tsarin ya yarda su ne shaidar mai asusun. Duk lokacin da Okta ta nemi tabbaci, shi ne zai ba da shi, kuma a idon tsarin tabbacin halal ne.

Da Okta a hannunsa sai ya buɗe zama a asusun Google na aiki na ma'aikacin. A nan ne wani sabon abu da Google ya ƙara wata huɗu kafin nan ya yi masa aiki.

Irin da ke bayan lamba shida

Lambobin da Google Authenticator da makamantanta suke nunawa ba daga intanet suke zuwa ba. Ranar da mutum ya ɗora kyamarar wayarsa kan hoton QR don kunna tantancewa, abin da hoton ya ba wayar shi ne wani dogon sirri, galibi haruffa da lambobi 16 ko 32, wanda sabar, wato kwamfutar da ke riƙe da shafin, ma take ajiye da kwafinsa. Mu kira shi iri. Kowane daƙiƙa 30 manhajar tana haɗa irin da agogon lokacin, ta bi da su ta wani lissafin sirri mai suna HMAC, ta yanko lamba shida. Sabar tana yin lissafi iri ɗaya a nata ɓangaren, in lambobin suka dace ta buɗe ƙofa. An rubuta ƙa'idar a takardar ƙa'idojin intanet mai lamba RFC 6238 tun 2011. Sabobi da yawa suna karɓar lambar da ta gabata da wadda ke tafe saboda saɓanin agogo, don haka lambar da mutum yake ganin ta daƙiƙa 30 ce tana iya rayuwa har kusan minti ɗaya da rabi. Wannan ya ishi ɓarawon da ke zaune yana jira.

Abin da ya sa ake lissafa wannan lamba a matsayin shaida ta biyu shi ne zaton cewa irin yana waya ɗaya tak, wadda ke aljihun mai ita. Kalmar sirri abin da ka sani ce, lambar kuma shaidar abin da ka mallaka. A watan Afrilu 2023 Google ya ƙara wa Authenticator damar kwafe waɗannan irin zuwa asusun Google na mutum, domin wanda wayarsa ta ɓace ko ta faɗa ruwa kada ya rasa hanyar shiga asusunsa gaba ɗaya. Bukatar gaskiya ce, kuma duk wanda ya taɓa taimakon mutumin da ya rasa waya mai ɗauke da lambobin asusu goma ya san haka. Sai dai daga ranar da aka kunna kwafin, lambar ta daina zama shaidar waya, ta koma shaidar asusun Google. Wanda ya shiga asusun, ya saukar da manhajar a wayarsa, zai ga duk lambobin suna juyawa a gabansa kamar yadda mai su yake gani. Tun a makon da aka fitar da tsarin masu binciken tsaro na Mysk suka nuna cewa kwafin ba ya da rufin da mai waya kaɗai ke riƙe da makullinsa, wato babu wani ƙarin sirri da za a nema a sabuwar waya bayan shiga asusun.

Ma'aikacin Retool ya kunna wannan kwafi. Kuma a lokacin Retool yana amfani da irin waɗannan lambobi a wurare da dama: shiga Google da Okta, shiga VPN, wato rufaffiyar hanyar shiga cibiyar kamfani daga waje, da shiga manhajojin gudanarwa na cikin gida. A takarda kowace ƙofa tana da nata kwaɗo. A zahiri makullan duka suna rataye a ɗaki ɗaya, ɗakin kuma shi ne wanda ɓarawon ya riga ya shiga. Da lambobin da zaman Okta ya wuce VPN, ya kai ga allon gudanarwa, ya zaɓi abokan hulɗa 27 waɗanda dukansu a harkar kirifto, wato kuɗin intanet irin su Bitcoin, suke, ya canza adireshin imel ɗin asusunsu, ya sake musu kalmomin sirri, ya shiga manhajojin da suka gina.

Akwai ƙorafi ɗaya da Retool ya yi wanda ya cancanci a tsaya a kansa: a lokacin masu kula da tsarin kamfani ba su da wani maɓalli na tsakiya da za su kashe wannan kwafi ga dukan ma'aikata. Ke nan matakin tsaron kamfanin ya sauya ba tare da kowa a sashen tsaro ya yanke shawara ba. Manhaja ta sabunta kanta a wayar ma'aikaci, ta tambaye shi ko yana so a adana masa lambobinsa, ya ce to.

Retool ya soke duk zaman da ma'aikatansa ke da shi a Okta da Google, ya kulle asusun da abin ya shafa, ya mayar da su yadda suke, ya kuma sanar da abokan hulɗar 27 ranar 29 ga Agusta. Abokan hulɗar da ke tafiyar da Retool a kan sabobinsu na kansu abin bai taɓa su ba, domin allon gudanarwar kamfanin ba ya kaiwa gare su. Amma kuɗi sun riga sun fita. Jaridar CoinDesk ta ruwaito cewa an sace kirifto na kimanin dala miliyan 15 daga abokan hulɗar Fortress Trust, wani kamfanin ajiyar kadarori da ke jihar Nevada, ta wannan hanya.

Tarko iri ɗaya, wani kamfani ya tsallake

Shekara guda kafin nan, ranar 20 ga Yuli 2022, an ɗana wa Cloudflare, wani kamfanin tsaron intanet, tarko mai wannan siffa. Ma'aikata aƙalla 76 suka samu saƙon tes cikin ƙasa da minti ɗaya, yana tura su shafin cloudflare-okta.com da aka yi wa rajista ƙasa da minti 40 kafin harin. Shafin yana tura duk abin da aka rubuta zuwa ga ɓarayin ta Telegram nan take. Ma'aikata uku suka zuba sunansu da kalmar sirrinsu. Ba a shiga ko asusu ɗaya ba, domin Cloudflare ya raba wa kowane ma'aikaci makullin hannu na FIDO2, wato 'yar na'urar shiga da ake haɗawa da kwamfuta ko waya, irin su YubiKey, kuma ba ya karɓar lamba shida a madadinsa. Gungun da ya kai wannan hari, wanda kamfanin Group-IB ya laƙaba wa suna 0ktapus, ya tattara bayanan shiga kusan 10,000 daga kamfanoni sama da 130, ciki har da Twilio. Ma'aikatan Cloudflare ba su fi na sauran wayo ba, tunda uku sun faɗa. Kayan aikin ne ya bambanta.

Ga abin da ke faruwa a cikin makullin. Lokacin rajista yana ƙirƙiro makulli biyu masu alaƙa, na ɓoye da na fili. Na fili ake ba sabar, na ɓoye yana zama a na'urar, an ɗaure shi da sunan shafin da aka yi rajistar dominsa. Lokacin shiga sabar tana aiko da wata baƙuwar lamba ta ƙalubale, aƙalla bayit 16, wadda ba a taɓa amfani da ita ba. Burauza ce da kanta take rubuta adireshin shafin da mutum yake kai a cikin bayanan da za a sa wa hannu, ba mutumin ba, ba kuma shafin ba. In shafin na bogi ne, na'urar ba ta da makullin da ya dace da sunansa, don haka ba abin da za ta sa wa hannu. Babu lambar da za a karanta wa mai kira. Ko da ma'aikaci ya yarda da ƙaryar ɗari bisa ɗari, ba shi da abin miƙawa. Wannan ita ce ƙa'idar WebAuthn da W3C, hukumar tsara ƙa'idojin yanar gizo, ta amince da ita a Maris 2019, kuma a kanta aka gina faski, wato makullin shiga da Apple da Google da Microsoft suke maye gurbin kalmar sirri da shi, inda mutum ke dangwala yatsa ko ya nuna fuska ko ya sa lambar buɗe waya ya shige.

Da Retool ya bar kalmar sirri, da ya tsira?

Ma'aikacin Retool da kalmar sirri da lamba shida yake shiga, don haka ba za a ce tsarin faski ne aka karya ba. Amma duk kamfanin da ke shirin ƙaura ya dace ya ɗauki matakan harin ɗaya bayan ɗaya ya tambayi kansa wanne ne sabon tsarin zai tare. Amsar ba ta kai daɗin da masu talla ke nunawa ba. Faski yana tare matakin farko, wato shafin bogi. Sauran matakan sun dogara ne da saitin da ba ya zuwa da kansa.

Na farko kuma mafi nauyi shi ne rajistar sabuwar na'ura. Tambayar ita ce: me tsarin yake nema kafin ya yarda a ƙara sabon makulli a asusu? A wurare da yawa amsar ita ce zama mai rai da kowace irin shaida da asusun ke da ita, ko da lambar tes ce. In haka ne, ɓarawo ba ya bukatar karya faski. Zai yaudari mutum ya karɓi shaida mafi rauni, ya shiga, ya yi wa nasa faskin rajista. Daga nan shi ma yana da makulli mai ƙarfin da ba a iya sacewa ta shafin bogi, kuma canza kalmar sirri ba ya korar sa. Masu binciken kutse da suka saba da “a canza kalmar sirri a rufe zama” sukan manta su duba jerin makullan da ke asusun, ɓarawon ya dawo washegari ta ƙofar gaba. Ƙa'idar da ta dace a nan ɗaya ce: ba a ƙara makulli sai da makullin da ya kai shi ƙarfi. Okta tana da saitin da ke tilasta shaida mai jure tarko kafin a yi rajistar wata shaidar, a Entra kuma, takwarar Okta ta kamfanin Microsoft, ana iya ɗora sharaɗi a kan aikin rajistar bayanan tsaro shi kaɗai, a ce sai daga na'urar da kamfani ke kula da ita ko daga cibiyar ofis. Da Retool yana da irin wannan sharaɗi, lamba ta biyu da aka karanta a waya ba za ta sayi komai ba.

Na biyu shi ne ɗan rubutun nan da ke ƙasan allon shiga, mai cewa a gwada wata hanyar. Kamfanoni suna barin sa ne saboda tausayi da gudun cunkoso a teburin taimako, wato sashen da ma'aikaci ke kira in ya kasa shiga: wani ya manta makullinsa a gida, wata burauzarta tsohuwa ce. Amma muddin asusun yana karɓar lambar tes ko lambar manhaja ko latsa “na amince”, to ƙarfinsa ƙarfin waɗannan ne. Shafukan bogi na zamani, irin waɗanda ake ginawa da Evilginx, suna tsayawa ne tsakanin mutum da shafin gaske suna miƙa saƙo gaba da baya, kuma suna iya goge zaɓin faski daga abin da mutum yake gani. A watan Agusta 2025 masu bincike na Proofpoint sun nuna wata dabarar: shafin tsakiyar yana yi wa Entra ƙaryar cewa mai shiga yana amfani da Safari a kan Windows, haɗin da ba ya ɗaukar faski ko makullin hannu a tsarin, sai tsarin da kansa ya ce a zaɓi wata hanya. Mutum yana ganin saƙon kuskure na gaske daga Microsoft, ya koma lamba shida, ɓarawo ya kwashe kukin zama, wato shaidar da burauza ke riƙewa cewa an riga an tantance mutum. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, tsagar a nan kuwa mai gidan ne ya bar ta da hannunsa.

Latsa “na amince” ya cancanci jimla biyu, domin wasu tsare-tsaren da ake tallata su da sunan shiga ba kalmar sirri a kansa suke tsaye. A Satumba 2022 an shiga Uber bayan an yi ta jero wa wani ɗan kwangila saƙon neman amincewa har ya latsa ɗaya. Microsoft ya tilasta daidaita lamba a Authenticator daga 8 ga Mayu 2023, inda sai mutum ya rubuta lambar da ke allon shiga a wayarsa. Wannan ya kashe harin gajiyarwa, amma bai hana shafin tsakiya nuna wa mutum lambar gaske ya rubuta ba.

Na uku shi ne teburin taimako. In mutum ba shi da kalmar sirri kuma ya ce wayarsa ta ɓace, dole wani ɗan Adam ya yanke hukuncin ko shi ne. A ƙarshen Agusta 2023, a daidai makon da Retool ke fama, Okta ta gargaɗi abokan hulɗarta cewa ana kiran teburan taimako ana lallashin ma'aikata su goge duk shaidun asusun manyan masu gudanarwa. A watan Satumba aka durƙusar da otal-otal na MGM Resorts, kamfanin kuma ya ƙiyasta asarar kusan dala miliyan 100. Rahotanni sun danganta mafarin kutsen da kiran waya zuwa teburin taimako. Tambayoyin da aka saba yi, ranar haihuwa, lambar ma'aikaci, sunan shugabanka, duk ana samun su a LinkedIn ko a bayanan da aka taɓa sacewa. Bayan abin da Retool ya bayyana, murya ma ta fita daga cikin shaidu. Abin da ke aiki yana da ɗan wahala: kowane ma'aikaci ya yi rajistar makulli biyu tun ranar farko, ɗaya a ajiye a gida, domin ɓatan ɗaya kada ya zama dalilin kiran kowa. In duka biyun suka ɓace, a tantance shi ido da ido ko ta bidiyo da katin shaida, shugabansa ya tabbatar ta wata hanya daban, sannan teburin ya kira lambar da ke rajistar ma'aikata maimakon lambar da ta kira shi. Takardar shiga ta wucin gadi da Entra ke bayarwa ana iya saita ta daga minti 10 har kwana 30. A sa ta ta zama ta amfani sau ɗaya, kada ta wuce awa guda. Asusun masu gudanarwa kuwa kada teburin taimako na matakin farko ya iya taɓa su sam.

Na huɗu shi ne wanda ya fi kama da abin da ya ci Retool: faskin da ake kwafewa tsakanin na'urori. Faskin da ke iCloud Keychain ko Google Password Manager yana bin asusun mutum zuwa sabuwar waya, kamar yadda irin Authenticator ya bi. Adalci ya sa a faɗi cewa an fi ƙarfafa shi. Kwafin a rufe yake da makullin da kamfanin ba ya riƙe da shi, kuma shiga asusun kaɗai ba ya buɗe shi: Google yana neman lambar buɗe tsohuwar waya ko lambar sirri ta manhajar ajiyar, Apple yana neman lambar buɗe na'ura kuma yana ba da damar gwaji goma ne kacal. Da haka kwafin Authenticator yake a Agusta 2023, da ɓarawon ya gamu da ƙarin katanga. Sai dai lambar buɗe waya ita ma lamba ce da baki ke iya furtawa, kuma mai kiran da ya karɓi lamba shida daga mutum mai shakka zai iya neman wannan. Ƙari a kan haka, asusun Apple ko Google da faskin yake kwance a ciki sau da yawa na ƙashin kan ma'aikaci ne, wanda kamfani ba ya gani, ba ya saita shi, ba ya iya rufe shi. NIST, hukumar tsara ƙa'idoji ta Amurka, ta yarda da makullan da ake kwafewa a matakin tabbaci na biyu, ta hana su a na uku mafi tsauri, inda take son makullin da ba ya fita daga na'ura.

Kamfani yana iya bambance su in ya so. Amsar da na'ura ke bayarwa a WebAuthn tana ɗauke da tutoci biyu, BE da BS: ta farko tana cewa wannan makulli ana iya kwafe shi, ta biyu tana cewa an riga an kwafe. Akwai kuma lambar AAGUID da ke nuna irin na'urar, wadda ba a dogara da ita sai an nemi takardar shaidar masana'anta lokacin rajista. Ga ma'aikacin da ke duba imel da kalanda, faskin da ake kwafewa ya fi lamba shida nesa ba kusa ba, kuma bai kamata tsoron wannan rauni ya hana a ba shi ba. Ga wanda zai iya canza imel ɗin asusun abokin hulɗa, a ƙi duk makullin da tutarsa ta BE take ɗage, a karɓi jerin na'urorin da aka amince da su kawai.

Saura kukin zama. Bayan an gama duk tantancewa, abin da burauza take riƙewa ɗan rubutu ne da ke cewa an riga an tantance wannan, kuma duk wanda ya kwafe shi ya gaji zaman ba tare da ya ga allon shiga ba. A Oktoba 2023 an sace irin waɗannan daga fayilolin da abokan hulɗa suka tura wa sashen taimako na Okta kanta. Fayilolin abokan hulɗa 134 aka taɓa, aka kuma yi amfani da su wajen ƙwace zaman biyar daga cikin abokan hulɗar. Faski ba ya da ta cewa a nan. Maganin shi ne gajarta rayuwar zaman masu gudanarwa, ɗaure shi da na'ura ko cibiyar da aka buɗe shi, da sake neman makulli a daidai lokacin aiki mai haɗari.

Abin da ya kamata ya yi ƙara ranar 27 ga Agusta

Ko da an bar duk saitin Retool yadda yake, akwai wurare biyu da harin ya bar sawu a fili. Na farko rajistar sabuwar na'ura. Okta tana rubuta wannan a kundinta da sunan user.mfa.factor.activate, goge dukan shaidu kuma user.mfa.factor.reset_all. A kamfani mai ma'aikata ɗari-ɗari waɗannan ba sa faruwa da yawan da zai gagari dubawa. Sabuwar shaida da aka ƙara daga adireshin intanet da asusun bai taɓa amfani da shi ba, 'yan mintoci bayan shiga daga wannan adireshin, ta isa a dakatar da asusun kai tsaye a kira mai shi. A kuma sanar da ma'aikaci ta hanyar da ɓarawon bai riƙe ba, domin imel ɗin gargaɗi da ya faɗa akwatin da ɓarawo ke ciki gogewa kawai zai yi. Wasu kamfanoni suna ƙara jinkiri: sabon makulli ba ya buɗe allon gudanarwa sai ya kwana ɗaya ko biyu.

Na biyu shi ne allon gudanarwar kansa. Asusun ma'aikaci ɗaya ya canza imel da kalmar sirri na abokan hulɗa 27, dukansu a sana'a ɗaya. Canza imel ɗin asusun wani shi ne miƙa asusun ga sabon mai shi, don haka bai dace ya zama aikin da hannu ɗaya ke gamawa ba. A nemi ma'aikaci na biyu ya amince, kowannensu ya taɓa makullinsa na hannu a lokacin, a aika sanarwa zuwa tsohon imel ɗin tare da wa'adin soke canjin, a kuma sa iyaka: in asusu ɗaya ya nemi irin wannan canji sau uku cikin awa guda, na huɗu ya tsaya har sai sashen tsaro ya duba.